Sabar ta tashi, amma da littafin bara

Kawu yana da shagon sari a gefen Bab Sharif, cikin tsohon garin Jidda. Jallabiyoyi, abayoyi, dardumar salla, turare, duk abin da mai Umra ko alhaji yake cika jaka da shi kafin ya nufi filin jirgi. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini, unguwa ɗaya suka taso a Hindawiyya, shi ya sa na buɗe ido ina kiransa Kawu. Ban da shagon yana da sito a kudancin gari, da kwamfutoci shida na masu yanka fatura, wato takardar ciniki, sai saba guda ɗaya, babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, a wani ɗan ɗaki bayan kanta, wadda duk lissafin gidan yake cikinta: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, bashin 'yan kasuwar Kano da Yamai, da harajin kashi 15 da ake cirewa a kowane ciniki.

Sabar ba ƙarfe ba ce mai zaman kanta. Baƙuwa ce a cikin wata na'ura. Tsohon injin HP ne aka ɗora masa VMware ESXi 6.7, shi kuma ya yanko wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa da faifansa ya yi kwamfutar da babu ita a zahiri, aka zuba mata Windows Server 2019 da manhajar lissafi. Irin wannan manhaja ta ƙasa ita ake kira haifabaiza, ni kuwa idan ina yi wa Kawu bayani mai masauki nake ce mata. Shi ke ba baƙo ɗaki, shi ke ba shi ƙofa, shi ke nuna masa inda ruwa yake. Baƙon bai taɓa ganin ainihin ƙarfen ba, abin da mai masauki ya nuna masa kawai ya sani, kuma da wannan ya saba.

Dalili uku suka sa muka yanke shawarar tashi. Ɗaya daga cikin faifan tsohon injin ya fara kunna fitilar ruwan lemo. ESXi 6.7 kuma tun Oktoban 2022 aka daina ba shi cikakken tallafi. Sannan Broadcom ta kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, a Fabrairun 2024 aka janye ESXi na kyauta, wanda shi ƙananan shaguna irin na Kawu suka dogara da shi. Sai muka sayi sabon inji, na ɗora masa Proxmox VE 8.1, wanda wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya yake yi a kan Debian, yana tafiyar da baƙinsa da KVM da QEMU. A lokacin Proxmox bai fito da hanyar janyo baƙo kai tsaye daga ESXi ba, sai a 8.2 cikin Afrilun shekarar aka saka ta. Da hannu za a yi komai.

Ƙarshen Fabrairu ne, azumi saura ƙasa da mako biyu. Wanda ya san Balad, wato tsohon garin Jidda, ya san abin da wannan yake nufi: da Ramadan ya kama, kasuwa ba ta barci sai bayan sahur, babu daren da za a ce a kashe saba. Muka sa daren Alhamis bayan isha'i, saboda Juma'a shagon ba ya buɗewa sai bayan la'asar. Na tafi da ƙanena, wanda yake koyon aikin a hannuna.

Na kashe baƙuwar, na buɗe SSH, hanyar shiga inji daga nesa, a ESXi, na shiga foldarta. Fayiloli sun kai goma sha wani abu. Idona ya tafi kan biyun da na saba ɗauka: hisabat.vmdk, ɗan ƙaramin fayil na rubutu da ke bayyana siffar faifan, da hisabat-flat.vmdk, wanda shi ne gangar jikin, gigabait 200. Na ja su zuwa sabon injin ta waya mai gudun gigabit ɗaya, abin ya ci fiye da rabin awa. Muka sha shayi muna jira. A Proxmox na ƙirƙiri sabuwar baƙuwa mai lamba 100, na bi shafukan ina danna gaba ba tare da na sauya komai ba, don a raina faifan shi ne komai, sauran duk cikon fom ne. Sai na shigo da shi:

qm importdisk 100 hisabat.vmdk local-lvm

Na maƙala faifan, na kunna. Baƙin allo, ya ɗan laluba netwok yana neman abin tashi, sai ya rubuta "No bootable device". Wannan bai dame ni ba. Faifan da aka shigo da shi ta wannan umarni ba ya shiga jerin abubuwan da ake tashi da su sai ka sa shi da kanka. Na shiga zaɓuɓɓuka, na ɗaga shi sama, na sake kunnawa. Wannan karon ya rubuta "Booting from Hard Disk..." ya tsaya cak. Minti biyar, ɗigon yana ƙiftawa, babu motsi.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ko faifan ya lalace a hanya? Mu sa faifan Windows mu gyara masa MBR."

Da na biye masa da mun ɓata awa guda a banza, watakila ma mu yi ɓarna. Kafin ka gyara abu ka fara duba wane iri ne. Daga kan Proxmox ɗin na tambayi faifan da kansa:

fdisk -l /dev/pve/vm-100-disk-0

Amsar ta fito sarai: tsarin faifan GPT ne, kuma akwai ɗan yanki na kusan megabait 100 mai suna EFI System. Ke nan wannan Windows ba ta taɓa tashi ta tsohuwar hanyar BIOS ba. Hanya biyu ce kwamfuta ke bi ta farka. BIOS yana zuwa bait 512 na farkon faifai, wato MBR, ya karanta ɗan umarnin da ke wurin ya miƙa masa ragama. UEFI ba ruwansa da wannan, yana buɗe wancan ɗan yanki mai tsarin FAT32 ne ya nemi fayil mai ƙarewa da .efi ya tayar da shi. Faifan GPT yana ɗauke da wani MBR na kariya a farkonsa don kada tsofaffin manhajoji su ɗauka fanko ne su goge shi. SeaBIOS, wato irin BIOS ɗin da Proxmox ke ba sabuwar baƙuwa idan ba ka ce komai ba, ya ga wannan MBR ya ɗauka ƙofa ce, ya shiga, ya tarar da bango. Faifan lafiyarsa ƙalau. Ni ne na ajiye shi a gidan da ba a jin yarensa.

Na mayar da baƙuwar kan OVMF, wato UEFI na QEMU, na ƙara mata ɗan faifan EFI da take ajiye saitinta a ciki, na sa nau'in injin q35. Akwai wani abu a nan da ke kama masu kwashe Linux. Jerin abin da UEFI zai tayar ba a kan faifai yake ba, a cikin ƙwaƙwalwar famwaya yake, wato manhajar nan da ke farkar da kwamfuta, a VMware kuwa wannan ƙwaƙwalwa fayil ce mai ƙarewa da .nvram, wadda Proxmox ba ya amfani da ita. Windows tana tsira ne saboda tana ajiye kwafin mai tayar da ita a \EFI\Boot\bootx64.efi, inda kowane UEFI ke dubawa idan jerinsa fanko ne. Debian ba ta cika yin haka da kanta ba, sai ka ga an jefa ka cikin baƙin allon UEFI, dole ka shiga ka nuna masa grubx64.efi da hannu. Mu dai wannan bai same mu ba.

Tambarin Proxmox ya fito, ɗigogin Windows suka fara juyawa. Ƙanena har ya miƙe yana cewa alhamdu lillahi. Daƙiƙa ashirin ba su cika ba allon ya koma shuɗi: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Tsofaffin ma'aikata sun fi saninsa da lambarsa, 0x7B.

Wannan saƙo yana rikita mutane, kuma na ga dalili. Mutum zai ce, ta yaya Windows za ta ce ba ta ga faifai ba alhali daga faifan ta karanto tambarin da take nuna min? Amsar tana cikin yadda ake miƙa ragama. A matakin farko famwaya ce ke karanta faifan da nata direban, wato ɗan manhajar da ke jin yaren na'ura, OVMF kuwa ya iya magana da kwantirolar VirtIO, ƙofar da ake bi a isa faifan. Da taimakonsa ake loda zuciyar Windows da 'yan direbobin da aka yi wa alamar cewa da su ake tashi. Daga nan sai famwaya ta janye hannunta gaba ɗaya. Yanzu dole Windows ta nemo faifan da direbanta na kanta. A tsohon gida, VMware ya nuna mata kwantirolar LSI Logic SAS, ita ta sani, direbanta ne a jerin farko. A sabon gida an ba ta VirtIO SCSI, wadda Microsoft ba ta haɗo direbanta a cikin Windows ba. Ta duba jerinta, babu mai jin wannan magana, ta faɗi. Kamar makahon da ɗan jagora ya kai bakin titi ya sake shi.

Ƙanena ya hango sunan LSI 53C895A a jerin kwantirolin Proxmox, ya ce ai ga irin tata nan. Na bar shi ya gwada don ya gani da idonsa. Suna ne kawai ya yi kama, wannan tsohuwar kwantirola ce ta wani zamani daban, ba ta tashi ba. Abin da ke aiki shi ne ka ba Windows ƙofar da kowace Windows ta sani. Na cire faifan daga SCSI na maƙala shi a SATA, na koma jerin tashi na sake zaɓarsa, domin duk lokacin da ka sauya masa mazauni sunansa yana sauyawa, tsohon zaɓin ya faɗi. Wani lokaci ko SATA ɗin ba ya wucewa, idan Windows ta riga ta kwantar da direbansa mai suna storahci saboda ba ta taɓa buƙatarsa ba. A irin wannan hali sai a tashe ta sau ɗaya a yanayin kariya, inda take loda direbobin faifai da ta kwantar, ko a shiga rajista daga faifan gyara a mayar da ƙimar StartOverride ta direban zuwa 0. Mu ba mu kai ga haka ba. Ta tashi, ta nemi kalmar sirri.

Sauran aikin daren na bi shi da sauri. Babu netwok, saboda katin da ta sani, vmxnet3, ya tafi da tsohon gida, sabon kuwa babu direbansa. Na sa mata faifan virtio-win na zuba direbobin. Da na zo ba sabon katin adireshin IP ɗin da kwamfutocin kanta suke nema, Windows ta ce adireshin yana hannun wani kati da ba ya nan, ko a ƙwace? Na ce a ƙwace. Don mayar da faifan kan VirtIO mai sauri, na yi dabarar da kowa ke yi: na ƙara wani ɗan faifai na gigabait 1 a kan SCSI, Windows ta gan shi tana raye ta ɗaura masa direba, na kashe ta, na mayar da babban faifan SCSI, na jefar da ƙaramin. Ta tashi lafiya. Na buɗe manhajar lissafi, ta buɗe, na ga sunayen kaya da na abokan ciniki. Ƙarfe biyu da rabi na dare na aika wa Kawu saƙon murya na ce an gama.

Abu ɗaya na yi daidai a daren, shi ne na roƙi Kawu kada kowa ya yanka fatura sai muhasib, wato mai lissafin shagon, ya zo ya duba. Muhasib ɗin dattijo ne, haifaffen Makka, iyayensa ta ƙasa suka zo, ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Shekara da shekaru yana riƙe da littafin Kawu, tun ana rubutawa da biro. Baba muke ce masa.

Bayan an sauko daga Juma'a muka haɗu a shagon, ƙofa a rufe rabi. Baba ya zauna, ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya goge shi da gefen gutura, ya sa. Bai fara da manhajar ba. Ƙasan allon ya kalla.

"Ɗana, agogon nan naka ƙarfe sha ɗaya yake cewa. Mu kuwa mun yi salla mun ci abinci."

Awa uku cif yake baya. Na ce masa ƙaramin abu ne, zan gyara. Ya gyaɗa kai, ya buɗe jerin fatura, ya gangara ƙasa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko kwafin faturar ƙarshe da aka yanka daren jiya, ya ɗora ta a jikin allon, yatsansa a kan lambar.

"Wannan ba littafinmu ba ne. Littafin bara ne. Ina cinikin Rabi'ul Awwal? Ina na Rajab? Mutumin Agadas da ya biya bashinsa da sanyin nan, ga shi nan har yanzu ana binsa."

Faturar ƙarshe a cikin sabar ta watan Yulin 2023 ce, farkon Muharram. Wata bakwai babu su. Cikina ya ɗuri ruwa. Kawu yana tsaye a bayana, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Injiniya, tsohuwar tana nan dai ko?" Na ce tana nan, ban taɓa ta ba. Ya ce, "To, bismilla."

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi tun daren jiya. Na koma foldar da ke tsohon injin na buɗe hisabat.vmx. Fayil ne na rubutu zalla, bai kai shafi uku ba, shi ne takardar da VMware ke rubuta siffar baƙuwa a ciki. Ga abin da na tarar, a layuka huɗu:

firmware = "efi"
scsi0.virtualDev = "lsisas1068"
ethernet0.virtualDev = "vmxnet3"
scsi0:0.fileName = "hisabat-000001.vmdk"

Layin farko shi ne baƙin allon da ya tsayar da mu. Na biyu shi ne shuɗin allo. Na uku shi ne netwok. Duk wahalar da muka sha har ƙarfe biyu tana rubuce a nan, karatun minti biyu. Na huɗun kuwa shi ne wata bakwai na Baba. Baƙuwar ba a kan hisabat.vmdk take gudana ba, a kan hisabat-000001.vmdk take.

Abin da ya faru shi ne, wanda ya riƙe musu aikin kafin ni ya ɗauki sinafshot a watan Yuli, ranar da zai sabunta manhajar lissafi, don idan abu ya ɓaci ya koma baya. Wannan daidai ne, ni ma haka zan yi. Sai dai ba a goge shi ba bayan aikin ya yi kyau. Mutane da yawa suna ɗaukar sinafshot kamar hoto ne da aka ɗauka aka ajiye a gefe. Ba haka yake aiki ba. Daga lokacin da aka ɗauke shi, ainihin faifan ne ake daskarewa, a daina rubutu a kansa kwata-kwata, duk wani sabon abu sai ya tafi wani fayil na daban. Wato tsohon faifan shi ne hoton, rayuwar yau da kullum kuwa tana cikin sabon fayil ɗin. A foldar ga shi nan, hisabat-000001-sesparse.vmdk, gigabait 40 da ɗoriya, kwanan watansa na daren jiya, alhali babban faifan da na ɗauka kwanan watansa na Yuli. Na gan shi a daren, a kan idona, na ɗauka tarkace ne. VMware da kansa yana ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72. Wannan ya yi wata bakwai.

Abin da ya fi tsorata ni ba ɓatan bayanan ba ne, tunda suna nan. Abin da zai faru da Baba bai zo ba ne. Sabar ta tashi, manhaja ta buɗe, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Da la'asar yara shida za su fara yanka fatura, lambobin su ci gaba daga inda Yuli ya tsaya, su hau kan lambobin da aka riga aka ba mutane. A Saudiyya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta faturar lantarki, kuma ƙaramar faturar da ake ba mai saye tana ɗauke da lambar QR mai sunan mai sayarwa, lambar harajinsa, jimillar kuɗi, adadin haraji, da rana da lokacin da aka yanke ta. Ga lamba mai maimaituwa, ga agogo mai ƙaryar awa uku. Bayanan haraji kuma doka ta ce a adana su aƙalla shekara 6. Da an yi kwana biyu a haka, da mun sami littafi biyu, kowanne da gaskiyarsa, haɗa su kuma sai an bi fatura ɗaya bayan ɗaya. Baƙin allo da shuɗin allo sun fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, don su suna faɗa maka cewa akwai matsala.

Na tambayi Baba ko akwai kwafin ajiya. Akwai, manhajar tana yi kowane dare. Ina take ajiyewa? A wata folda cikin faifan nan dai. Ke nan shi ma yana cikin fayil ɗin da na bari.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko, in shiga ESXi in danna "Delete All" a kan sinafshot ɗin. Sunan yana da ban tsoro amma ba ya goge bayanai, narkar da sabon fayil ɗin yake yi cikin tsohon su zama ɗaya. Maɓallin da ke halaka mutane shi ne na kusa da shi, "Revert", wanda ke zubar da duk abin da aka yi bayan sinafshot. Na ƙi wannan hanya duk da ita ce mai sauƙi. Narkarwar tana nufin rubuta gigabait 40 a kan asalin da ba mu da na biyunsa, a injin da faifansa ɗaya yake ciwo. Idan ya mutu a tsakiyar aikin, babu tsuntsu babu tarko. Hanya ta biyu karatu kawai take yi a kan asalin. Na buɗe folda ta NFS, wadda wani inji ke iya shiga ta netwok, a sabon injin, na haɗa ESXi da ita, na ce ya kwafo faifan yana farawa daga sinafshot:

vmkfstools -i hisabat-000001.vmdk /vmfs/volumes/sabo/hisabat/cikakke.vmdk -d thin

Idan ka nuna wa wannan umarni fayil na ƙarshe a sarƙar, shi da kansa yake bin ta har tushe ya fitar da faifai guda cikakke. Kafin in danna, na buɗe ƙananan fayilolin bayanin guda biyu na gwada lambobinsu. Kowane faifai yana da lamba mai suna CID, sinafshot kuma yana riƙe da parentCID, wadda dole ta yi daidai da ta uwarsa. Sun yi daidai. A nan ne na gode wa Allah da kwafi na kunna a daren jiya ba asalin ba. Da na tayar da Windows a kan ainihin tsohon faifan, ko na minti ɗaya ne, da lambar ta sauya, abin da ke ƙarƙashin sinafshot ɗin ya motsa, sarƙar ta tsinke.

Kawu ya sa aka buɗe shago da la'asar kamar kullum, amma na hana a kunna tsohuwar sabar, don kada a rubuta komai a kanta ana tsakiyar kwafi. Baba ya fito da wani tsohon littafi mai bangon kore ya ce a riƙa rubuta sunan mai saye da kayansa, a gaya wa 'yan sari su dawo da safe su karɓi kaya da fatura. Yawancinsu mutanen gida ne, suka ce ba komai.

Karo na biyu ban yi gaggawa ba. Da kwafin ya kammala, ban kai shi Proxmox nan take ba. Na kwafi fayil ɗin .vmx zuwa foldar NFS, na gyara layi na huɗu ya nuna sabon faifan, na tayar da kwafin a ESXi ɗin dai. Ya tambaye ni ko matsar da baƙuwar na yi ko kwafarta, na ce matsarwa, don ta riƙe lambobin shaidarta. Na kira Baba ya duba. Ya ɗora takardar jiya a jikin allon, lamba ta yi daidai, mutumin Agadas ya fita daga bashi. Sannan, tun tana gidan da ta sani, na cire VMware Tools, domin idan ka bari sai ta koma wani gida, mai cirewar yakan ƙi aiki, ya bar maka tarkace. Na rubuta duk abin da ipconfig /all ya nuna a takarda, har da lambar MAC ta katin netwok mai farawa da 00:0c:29. Na ɗauki lambar UUID ta injin, saboda manhajojin lissafi da yawa suna ɗaure lasisinsu da irin waɗannan lambobi. Na zuba direbobin VirtIO, na kashe ta.

A Proxmox na rushe baƙuwar jiya gaba ɗaya don kada wata rana wani ya kunna ta bisa kuskure. Sabuwar na gina ta ina kallon takardar .vmx layi bayan layi. Nau'in baƙo na ce Windows ne, ba Linux da shafin ke zaɓa da kansa ba, kuma nan ne asirin agogon Baba yake: Linux tana ɗaukar agogon inji a matsayin lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gari. Da na bar shi a Linux, Proxmox ya miƙa mata UTC, ita kuma ta karanta shi a matsayin lokacin Jidda, wanda ke gaba da awa uku. OVMF, q35, tsohuwar lambar MAC, tsohuwar UUID a saitin SMBIOS. Faifan na fara sa shi a SATA duk da direbobin suna ciki, domin zuba direba daban, Windows ta ga na'urar da idonta ta sa direban a jerin tashi daban. Na sake yin dabarar ɗan faifan gigabait 1. Babu baƙin allo, babu shuɗi. Daga shigo da faifan zuwa kalmar sirri bai kai awa ɗaya ba.

Kafin in tafi na saita Proxmox ya riƙa ɗaukar cikakken kwafin baƙuwar kowane dare zuwa wani faifai da ba a cikin injin yake ba, kuma a daren na dawo da kwafin farko a wata lamba daban, babu netwok, na ga ya tashi, na goge shi. Ƙanena ya buga fayil ɗin .vmx da na saitin Proxmox a takarda, muka manna su a cikin ƙofar akwatin sabar.

Asabar da safe Baba ya riga kowa zuwa. Ya zauna da koren littafinsa a gefe, ya yanka faturar farko da hannunsa, ta wani ɗan Zinder mai dardumar salla dozin goma. Da ta fito daga firinta ya ɗaga ta, ya duba lambar, ya duba lokacin, ya kalli agogon hannunsa. Ya miƙa wa yaron kanta ya ce a ci gaba. Tsohon injin kuwa, Kawu ya ce kada a taɓa shi sai bayan ƙaramar salla. Na zare masa wayar netwok da ta wuta, na rubuta kwanan wata a jikin salatif na manna a gabansa, aka tura shi ƙarƙashin tebur kusa da kwalayen turare.